Sa Ido Kan Lafiyar Gulbin Rima Da Gulbin Sakkwato Ta Hanyar Ƙwarin Ruwa

Gabatarwa

Garin Achida da ke Ƙaramar Hukumar Wurno yana zaune ne tsakanin gulabe biyu. Ta arewa da yamma Gulbin Rima ne yake gangarowa daga Goronyo ya ratsa fadamar Wurno, ta kudu kuma Gulbin Sakkwato ne yake wucewa ta Rabah. Gulaben suna haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato, su bi ta Argungu, har su faɗa Kogin Kwara. Noman shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, da sana'ar su, da shayar da dabbobin da ake kaiwa kasuwar Achida, da kuma wani kaso na ruwan famfon birnin Sakkwato, duk sun dogara ne ga wannan ruwa.

Idan ruwan gulbi ya fara lalacewa, ba a cika ganewa da ido ba sai abin ya yi nisa, wato sai kifi ya fara tasowa a mace ko kuma kamu ya ragu shekara bayan shekara. A wannan shafi za mu yi bayanin wata hanya mai sauƙi da ake amfani da ita a ƙasashe da dama, wadda manomi ko masunci ko malamin makaranta zai iya bi domin gane halin da gulbi yake ciki tun da wuri. Hanyar ita ce duba ƙananan halittun da ke zaune a ƙasan ruwa da cikin ciyayin gaɓa, a rubuta abin da aka gani, a kuma riƙa maimaitawa a kan lokaci.

Halin da gulaben suke ciki

Ruwan Rima yana tarowa ne daga Gulbin Maraɗi, wanda ke ratsa Jamhuriyar Nijar, da kuma Bunsuru da Gagare. A da, gulbin yakan cika ya malale fadama da damina, da rani kuma ya koma yashi da 'yan gurabe. An kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Gulbin Sakkwato shi ma an datse shi a Bakolori kusa da Talatar Mafara tun 1978. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da madatsun biyu. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke wucewa ta Wurno da Rabah da rani ya danganta ne da abin da aka sako daga madatsun.

Shekaru biyu sun isa misali. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ɓarke daga Goronyo ta cinye gonaki da gidaje a garuruwan da ke gaɓar Rima. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya janye har ya koma kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka, sakamakon ƙarancin ruwan sama da cikewar madatsar da yashi. Bayan waɗannan manyan sauye-sauye akwai ƙanana na yau da kullum: takin zamani da maganin feshi da ke bin ruwan ban-ruwa su koma gulbi, kashin dabbobi a mashaya, shara da ruwan kwata daga garuruwa, ɗibar yashi, da zaizayar ƙasa inda aka sare itatuwan gaɓa.

Dalilin da ya sa ake duba ƙwarin ruwa

Idan aka ɗebi ruwa a kwalba aka kai ɗakin gwaji, sakamakon zai nuna halin ruwan ne a daidai sa'ar da aka ɗebe shi. Idan an wanke tankin feshi a gulbi ranar Litinin, aka zo ɗibar ruwa ranar Juma'a, gubar ta riga ta wuce. Ƙananan halittun da ke ƙasan ruwa kuwa suna zaune a wuri ɗaya na tsawon makonni ko watanni, wasu 'ya'yan mazari ma har shekara ko fiye, kuma ba su iya gudu mai nisa kamar kifi. Duk abin da ya bi ta cikin ruwan ya bi ta kansu. Saboda haka rashinsu a inda aka saba ganinsu shaida ce da ke daɗewa bayan gubar ta tafi.

Dalili na biyu shi ne juriyarsu ta bambanta. Yawancinsu suna shaƙar iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa. Idan ƙazanta ta yi yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita sukan cinye iskar. Idan taki ya yi yawa, gansakuka kan mamaye ruwan, ta kuma shanye iskar da dare. Ruwa mai zafi, irin na bazara, ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Halittu marasa juriya su ke fara ɓacewa, masu juriya kuma su samu fili su yawaita. Don haka tambayar da ake yi ita ce iri nawa aka samu da kuma waɗanne iri ne. Kwano cike da tsutsa iri ɗaya ba alamar alheri ba ce.

Dalili na uku ya shafi aljihu kai tsaye. Waɗannan halittu su ne abincin tarwaɗa da kurungu da 'ya'yan kifaye da dama, waɗanda su kuma giwan ruwa ke ci. Gulbin da ƙwarinsa suka ƙare, kifinsa ma ba zai daɗe ba.

Asalin wannan hanya

Masana biyu na ƙasar Jamus, Kolkwitz da Marsson, su ne suka tsara auna ƙazantar kogi ta hanyar halittun cikinsa a shekarun 1908 da 1909. A Afirka ta Yamma an yi amfani da hanyar sosai a Shirin Yaƙi da Makantar Bakin Kogi, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002 a ƙasashe 11, ciki har da maƙwabciyarmu Nijar. A shirin ana zuba magani a koguna domin kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar, kuma aka riƙa duba ƙwarin ruwa da kifi a kai a kai domin a tabbatar maganin bai hallaka sauran halittu ba.

Daga baya aka sauƙaƙa aikin yadda jama'ar gari za su iya yi da kansu. A Ingila masu kamun kifi da ƙugiya sun soma wani shiri na ƙasa baki ɗaya a 2007, inda suke duba rukunin ƙwari 8 a kowane wata, su sanar da hukuma idan adadin ya faɗi. A Afirka ta Kudu kuma, tun ƙarshen shekarun 1990 aka fitar da tsarin miniSASS, wanda ya raba halittun gida 13, kuma ɗaliban makaranta da manoma ke amfani da shi. Wannan tsari na biyu shi muka ɗauko a nan, domin yana da ma'auni na musamman na gulbi mai yashi irin namu.

Halittun da za a nema da makinsu

Wasu daga cikin halittun suna da sunan da kowa ya sani. Waɗanda ba su da sananne mun kira su da siffarsu. Lambar da ke gaban kowane rukuni ita ce makinsa a tsarin miniSASS, kuma gwargwadon girman maki gwargwadon rashin juriyar halittar ga ƙazanta.

Marasa juriya:
1. Mai jela biyu: ƙwaro shimfiɗaɗɗe mai ƙafa shida, da jela biyu dogaye, da farce biyu a kowace ƙafa, yana manne a ƙarƙashin dutse cikin ruwa mai gudu. Maki 17.
2. Mai jela uku babba: yana da jela uku sirara da wasu 'yan ganyayyaki a gefen cikinsa da yake kaɗawa domin numfashi. Wasu suna rarrafe, wasu suna haƙa rami a laka. Maki 11.
3. Magini: tsutsa mai ƙafa shida da taurin kai, wadda sau da yawa ke gina wa kanta gida da yashi ko guntayen kara tana jansa. Wasu ba su da gidan. Maki 9.

Masu matsakaiciyar juriya:
4. Ƙaguwa da jatan lande. Maki 6.
5. Ɗan mazari mai kauri: gajere, mai manyan idanu, ba shi da jela mai tsawo. Maki 6.
6. Mai jela uku ƙarami: yana iyo da sauri kamar ɗan kifi. Maki 5.
7. Buzuzun ruwa, da kunamar ruwa, da masu gudu a saman ruwa. Maki 5.
8. Ɗan mazari siriri, mai jela uku masu faɗi kamar ganye. Maki 4.
9. Katantanwa da danginta masu ɓawo. Maki 4.

Masu juriya:
10. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai sulɓi a jikin dutse. Maki 3.
11. Tanar ruwa. Maki 2.
12. Matsattsaku. Maki 2.
13. Tsutsotsin ƙuda da sauro, ciki har da jar tsutsar laka. Maki 2.

Jar tsutsar laka ta cancanci a lura da ita. Launinta ya samo asali ne daga wani sinadari irin na jinin mutum, wanda ke ba ta damar rayuwa inda iska ta yi ƙaranci ƙwarai. Samun 'yan kaɗan ba komai ba ne. Idan kuwa ita ce ta cika kwano, tare da tana da matsattsaku, to ƙazanta ta yi wa wurin yawa.

Kayan aiki da yadda ake yi

Ana bukatar 'yar koma mai ƙananan idanu, kimanin milimita 1, wadda za a iya haɗawa da ragar taga da waya mai kauri da sanda. Sai farin kwano ko farar roba mai faɗi, da cokali, da takalmin roba mai tsawo, da safar hannu, da littafi da alƙalami. Kada a yanka gidan sauro mai magani domin wannan aiki. Maganin da ke jikinsa yana kashe ƙwarin da ake son gani, kuma wurinsa shi ne kan shimfiɗar iyali.

Matakan aikin su ne kamar haka:
1. A zaɓi wurin da ruwa ke gudu kuma bai wuce gwiwa ba. Tsarin makin an yi shi ne domin ruwa mai tafiya, ba a amfani da shi a tafki ko cikin madatsa ko gurbin da ya yanke.
2. A kafa komar a ƙasa bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa, a tsaya a gabanta a motsa yashi da laka da duwatsu da ƙafa, ruwa ya kwashi abin da ya tashi ya zuba a ciki.
3. A shara komar cikin ciyayi da saiwoyin gaɓa, a ɗaga duwatsu da guntayen itace a duba ƙarƙashinsu. Dukan ɗibar ta ɗauki minti 5, kuma a kiyaye wannan lokaci a kowane zuwa.
4. A juye abin da aka samu cikin farin kwano mai ruwan gulbin, a bari ya kwanta, halittun za su fara motsi.
5. A yi alama a gaban kowane rukunin da aka gani, ko da guda ɗaya ne.
6. A haɗa makin rukunonin, a raba da yawansu.
7. A mayar da halittun cikin ruwa, a wanke hannu da sabulu.

Ga misalin lissafi. A ce a wuri na farko an samu mai jela uku babba, da magini, da jatan lande, da ɗan mazari mai kauri, da buzuzun ruwa, da katantanwa. Jimillar maki 41 ke nan, a raba gida 6, an samu 6.8. A ce a wuri na biyu an samu tana, da matsattsaku, da jar tsutsa, da katantanwa, da buzuzun ruwa kawai. Jimilla 15, a raba gida 5, an samu 3. A ma'aunin gulbi mai yashi, abin da ya haura 6.9 shi ne ruwan da ke kan asalin halittarsa. Wuri na farko yana dab da haka, na biyu kuwa ya lalace ƙwarai.

Yadda za a fassara sakamako a yankinmu

An tsara makin nan ne bisa kogunan Afirka ta Kudu, don haka wajibi ne a karanta shi da lura. Gulabenmu na yashi ne, ruwansu yana da ɗumi, kuma duwatsu ba su da yawa. Mai jela biyu yana son dutse da ruwa mai ƙarfi, saboda haka rashinsa a Wurno ko Rabah kaɗai ba hujjar gurɓata ba ce. Abin da ya fi amfani shi ne kwatance iri biyu.

Na farko, a kwatanta wuri da maƙwabcinsa a rana ɗaya: sama da gari da ƙasa da gari, sama da inda magudanar ban-ruwa ke zuba da ƙasa da ita, sama da mashaya da ƙasa da ita. Idan yashi da zurfi da gudun ruwa iri ɗaya ne amma makin ya bambanta da yawa, to matsalar tana tsakanin wuraren biyu, kuma ana iya bin gaɓa da ƙafa a gano ta. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Na biyu, a kwatanta wuri da kansa a lokaci irin ɗaya na shekara: hunturun bana da hunturun bara, bazarar bana da bazarar bara. Ba a kwatanta kaka da bazara, domin ambaliya kan share halittu, zafi kuma kan rage su ko babu ƙazanta. Muna ba da shawarar a riƙa dubawa sau ɗaya a wata daga Nuwamba zuwa Mayu, a dakata idan gulbi ya cika. Idan an sako ruwa daga Goronyo ko Bakolori, a rubuta ranar, a kuma jira ruwan ya daidaita kafin a koma.

Akwai alama ɗaya da ba a jiran wata mai zuwa a kanta. Idan wurin da aka saba samun iri shida ko bakwai ya wayi gari babu komai, har da jatan lande da tsutsotsi, to mai yiwuwa guba ce ta wuce. Magungunan feshin ƙwari suna hallaka halittun ruwa ko da ɗan kaɗan ne ya shiga. Haka ma gamalin da wasu ke zubawa domin kama kifi, alhali Dokar Kamun Kifi a Ruwan Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya. A irin wannan hali a sanar da mai unguwa da Sarkin Ruwa da sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a ranar.

Katantanwa da lafiyar jama'a

Wannan aiki yana da wata fa'ida ga lafiyar yara da dabbobi. Cutar tsargiya, wadda sananniya ce a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da wuraren ban-ruwa, ba ta yaɗuwa sai ta bi ta jikin wasu ƙananan katantanwar ruwa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Wadda ke ɗauke da tsargiyar fitsari ƙarama ce, kuma idan aka riƙe ta tsininta na sama bakinta na fuskantar mutum, za a ga bakin a hagu. Wadda ke ɗauke da ta hanji kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, a naɗe kamar gammo. Wata iri kuma, mai baki a dama, ita ke ɗauke da tsutsar hantar shanu da tumaki.

Akwai wasu masu kama da su da ba su ɗauke da cuta, don haka tabbatarwa aikin jami'an lafiya ne. Aikin masu sa ido shi ne su rubuta inda suka ga sun yawaita, musamman a wurin wankan yara da mashaya da magudanar da ciyawa ta toshe. Wannan bayani yana taimaka wa sashen lafiya wajen sanin ƙauyukan da za a fara kai maganin tsargiya da kuma magudanan da ke bukatar yasa.

Wajibi ne mu jaddada cewa maki mai kyau ba ya nufin ruwan ya dace da sha. Ƙwarin ruwa ba su nuna ƙwayoyin cutar amai da gudawa ko na taifot. Ruwan gulbi sai an tace an tafasa, ko an sa masa magani, kafin a sha.

Kariya ga masu aikin

Kada a shiga ruwa babu takalmin roba da safar hannu. A yi aikin da sassafe, domin 'ya'yan tsutsar tsargiya sun fi fitowa da tsakar rana. Idan ruwa ya taɓa fata a goge nan take. Ɗalibai su tsaya a gaɓa su duba kwano, manya su yi ɗiba. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma kada a je wurin da ake da shakku kan tsaronsa. A sanar da mai gari kafin a fita.

Ajiye bayani da rawar shugabanni

Duba ɗaya ba ya gina hujja. Littafin da aka cika shekara biyu ko uku ana rubutawa shi ne abin da za a iya ajiyewa gaban hukuma. Kowane shafi ya ƙunshi kwanan wata da sa'a, sunan wurin da wata alama da ba ta gushewa kamar gada ko tsamiya, zurfi da launi da warin ruwa, rukunonin da aka samu, makin da aka fitar, da duk wani abin da ya faru a makon, kamar feshi ko ɗibar yashi ko sakin ruwa. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki kwanon, domin masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko jami'an kula da kamun kifi su iya tantance abin da ya shige duhu.

Mutum uku zuwa biyar sun isa rukuni ɗaya, kuma ya fi kyau a haɗa masunci da manomin rani da makiyayi da malamin makaranta. Masunta sun riga sun san gurabe da lokutan kifi, kuma dattawansu suna tuna abin da ake samu kafin a gina madatsun, wanda ya kamata a rubuta shi a shafukan farko na littafin. Hakimai da dagatai za su iya ware wuraren dubawa, su kuma sa a karanta sakamakon a gaban jama'a. Kansiloli da malaman gona da duba-gari za su iya tattara littattafan wuraren da ke jere a gulbi ɗaya, daga Goronyo zuwa Wurno, ko daga Rabah zuwa Sakkwato, domin a ga daidai inda makin ke faɗuwa.

Yawancin gyaran da sakamakon zai nuna ba ya bukatar kuɗi mai yawa: wanke tankin feshi nesa da gulbi, daina jefa kwalaben magani a ruwa, barin ciyawa da itatuwa a gaɓa, raba mashayar dabbobi da wurin ɗibar ruwa, gina masai nesa da fadama, da yashe magudanai kafin noman rani. Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar tsarin sakin ruwa daga madatsa ko zubar da guba da gangan, sai a miƙa shi a rubuce, tare da kwafin littafin, ga ƙaramar hukuma, da Ma'aikatar Muhalli ta Jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.